Sakan 31 Kafin Tashin Atlantis

"Ɗana, anya waɗannan mutane ba shisshigi suke yi wa Ubangiji ba?" Abin da kawuna, malamin zaure ne, ya tambaye ni ke nan ta waya da ya ji na je kallon harba kumbo a Amurka. Tambaya ce ta mai tsoron Allah, don haka ta cancanci amsa a tsanake.

Ranar Juma'a ce, 8 ga Yulin 2011. Ina tsaye cikin cincirindon jama'a a bakin ruwa a garin Titusville na jihar Florida, muna hangen dandalin harba kumbo na Kennedy a tsallake. Kumbon Atlantis ne zai tashi da mutum huɗu, tashi na 135 kuma na ƙarshe a jerin tashin irin wannan kumbo da aka fara tun 1981. Muna bin ƙidayar ta rediyo, sai kawai ta tsaya a sakan 31. Kwamfuta ba ta tabbatar cewa wani hannun ƙarfe da ke rufe saman tankin mai ya janye gaba ɗaya ba. Duniya na kallo, lokacin da aka ware na ƙurewa, amma ba wanda ya ce a rufe ido a tafi. Sai da aka duba da kyamara aka gamsu. Da ƙarfe 11:29 wuta ta tashi, mai hasken da ido ba ya jurewa, kuma shiru kake ji. Ƙarar ba ta iso mu ba sai bayan kusan minti guda, ta daki ƙirji kafin kunne. Kabbara ce ta kuɓuce daga bakina.

Ga abin da na fahimta, Kawu. Tashar sararin samaniya da 'yan sama jannatin suka nufa tana nisan kimanin kilomita 400 ne daga doron ƙasa, bai kai tafiyar Kano zuwa Abuja a mota ba. Ina wannan ina faɗin sammai? Sannan duk abin da kumbon ya yi, da biyayya ya yi shi. Dole cikin minti takwas da rabi ya kai gudun kusan kilomita 28,000 a awa, in ya gaza ya dawo ƙasa. Injiniya bai sa wannan ƙa'ida ba, ba kuma zai iya rage ta da kuɗi ko muƙami ba. Tarar da ita ya yi a halitta, ya yi shekaru yana koyonta, ya miƙa wuya. Wanda ya bi tsarin da Allah ya shimfiɗa bai yi jayayya da Shi ba.

Girman kai yana nan a tarihin kumbo, amma a wani wuri daban. Daren 27 ga Janairun 1986 injiniyoyi sun yi gargaɗi cewa sanyi zai ƙandarar da zobban robar da ke toshe mahaɗar rokokin kumbon Challenger. Manya suka yi fatali da maganarsu. Washegari kumbon ya tarwatse bayan sakan 73, mutum bakwai suka rasu, har da malamar makaranta Christa McAuliffe. Na yi imani ajalinsu ne ya zo. Na kuma yi imani waɗanda suka ƙi jin gargaɗi suna da alhaki. Biyun ba sa karo. Ba a rufe maganar da cewa tsautsayi ne ba, an yi bincike, kuma ba a sake harba irin wannan kumbo ba sai Satumban 1988.

Wannan ne ke ci mini rai idan na ji an maƙare kwale-kwale da fasinja ya kife, ko direba ya hau titi da birki mara kyau, a ce haka Allah ya so, a tashi. Imani da ƙaddara magani ne ga zuciyar wanda ya yi rashi. Ba a saukar da shi don ya zama mafakar mai sakaci ba.

Malamanmu, idan kun hau mumbari kuna karantar da tawakkali, ku haɗa da wajibcin dubawa kafin a tashi, da haƙƙin ran da aka salwantar saboda ganganci.