Wanda Ya Riga Kama Suna, Shi Ke da Shi?

Ranar 13 ga Yuni, 2009, Facebook ya ba kowa damar zaɓar sunan da zai zama adireshin shafinsa, maimakon dogon jerin lambobin da aka saba. Ƙa'idar ɗaya ce: wanda ya riga, shi ya samu. Tun daga nan gajeren suna a dandalin sada zumunta ya zama kadara, har ta kai a 2022 Telegram ya fara gwanjon sunaye, aka sayar da wasu sama da dala miliyan ɗaya.

Wannan baƙon abu ne ga Bahaushe. Ranar bakwai ake yanka rago, liman ya raɗa wa jariri suna, kuma babu wanda ya taɓa cewa an riga an ɗauki Musa don haka a nemi wani. Unguwa ɗaya sai ta ɗauki Musa ashirin, laƙabi ya rarrabe su. Ita kuwa kwamfuta mutum ɗaya take ba kowane suna. Ƙarancin nan ne ya haifar da ciniki, cinikin kuma ya ta da tsohuwar tambayar fiƙihu: shin riga wani isa wuri yana mallaka wa mutum abu?

A ɗauki misalin mai ɗinkin kayan amare da ta shekara goma tana sana'a a Kano. Sunan shagonta na rubuce da fenti a jikin ƙofa, an buga shi a ledar da take zuba wa mutane kaya. Ranar da 'yarta ta zauna buɗe mata shafi a Instagram, ta rubuta sunan, sai aka ce wani ya riga su. Suka leƙa shafin: babu hoto, babu ɗinki ko ɗaya, sai lambar waya da sanarwar cewa sunan na sayarwa ne.

Mai riƙe da sunan zai ce shi ya riga, kuma maganarsa ba ta rasa tushe ba. Shari'a ta san haƙƙin wanda ya riga. Ba a tayar da wanda ya fara zama a sahun masallaci. Sai dai malamai sun ɗaure wannan haƙƙi da amfani. Annabi (SAW) ya ba Bilal bin Haris al-Muzani fili a Aƙiƙ, kusa da Madina. Da Sayyidina Umar ya ga bai iya raya shi duka ba, sai ya bar masa gwargwadon abin da zai iya, ya raba sauran ga Musulmi. An kuma ruwaito cewa shekara uku ya yanka wa duk wanda ya killace fili bai taɓa shi ba. Wanda ya kama suna ya ajiye, duwatsu kawai ya jera a gefen fili, bai sa fartanya ba.

Wannan ba ya nufin sayar da suna haramun ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, ta zartar cewa sunan kasuwanci da tambari haƙƙi ne mai daraja ta kuɗi, ana iya sayar da shi muddin babu yaudara, kuma ba ya halatta a keta shi. Hukuncin yana kare mai ɗinkin ne. Darajar sunan guminta ne na shekara goma, shi kuwa wancan yana neman ya sayar mata da abin da ita ta gina. Mafi muni shi ne mai ƙara ɗigo ko lamba a sunan wani, ya kwashi hotunan kayansa, ya riƙa karɓar kuɗin masu saye. Wannan ha'inci ne tsagwaronsa.

Shi ma mai riƙe da suna bisa gaskiya kada ya saki baki. A Yulin 2023, da Twitter ya koma X, kamfanin ya karɓe sunan @x daga hannun wani mai ɗaukar hoto da ke riƙe da shi tun 2007, ba tare da biyansa kuɗi ba. Aro ne aka ba kowa, mai dandali ke da iko.

Saboda haka mai sana'a ya gaggauta kama sunansa a dandali, ya kuma yi masa rajista a hukumance. Wanda kuma ya san yana zaune a kan sunan da wani ya sha wahala kafin a san shi, ya ji tsoron Allah ya mayar wa mai shi.