Wane ne Gwani? Tsokaci a kan Jerin Zakarun Wasan Faɗa na Intanet

Ɗan Adam ba ya ganin mutum biyu sun kara ya haƙura bai tambayi wanda ya fi ba. Bahaushe ya daɗe yana wannan tambaya a fagen dambe da kokawa. Yau kuma jikokinsa suna yin ta a gaban allon talabijin, domin a Kontagora, kamar sauran garuruwanmu, akwai ɗakunan da matasa kan biya kuɗi su riƙe na'urar PlayStation su gwabza a wasannin faɗa irin su Tekken da Street Fighter. Abin ya wuce wasan yara. A gasar Capcom Cup ta 2024, wani matashi ɗan ƙasar Taiwan da ake yi wa laƙabi da UMA ya koma gida da dala miliyan 1. Duk inda dukiya irin wannan ta shiga, tilas a jera gwanaye, a ce ga na ɗaya, ga na biyu. Tambayar wannan maƙala ita ce: shin lambar da aka ba mutum a jeri ta isa ta faɗi ko shi wane ne?

Bari mu fara da ba lamba haƙƙinta. Wani malamin kimiyya a Amurka mai suna Arpad Elo ya tsara hanyar auna 'yan wasan dara ta Turawa, hukumar wasan ta duniya ta karɓe ta a 1970, kuma wasannin intanet da yawa sun ɗauki irin wannan dabara. Wanda ya buge na sama da shi ya kwashi maki mai yawa, wanda ya buge na ƙasa ya sami kaɗan. A nan akwai adalci, domin lissafi bai san ɗan sarki ba, bai san ɗan talaka ba. Makaɗin dambe yana iya wasa wanda ya yi masa kyautar riga, amma na'ura ba ta karɓar kari.

To, sai dai jeri yana ɗauka cewa fifiko tsani ne: idan Tanko ya fi Mati, Mati ya fi Bala, to lallai Tanko ya fi Bala. Tarihin damben zamani ya ƙaryata wannan. Joe Frazier ya ci Muhammad Ali a 1971. George Foreman ya ragargaza Frazier a 1973. Sai ga Ali ya kwantar da Foreman a Kinshasa a 1974. Wane ne na ɗaya a cikinsu? Duk mai zuwa gidan dambe ya san akwai zakaran da ba ya tsoron kowa sai wani bahago guda, wanda shi kuma yara ke bugewa. Gaba da gabanta, in ji masu iya magana, aljani ya taka wuta.

Abu na biyu, jeri yana ƙirga waɗanda suka iso fage ne kawai. An daɗe ana ganin 'yan Koriya ta Kudu da Japan su ne iyayen gidan wasan Tekken, musamman wani ɗan Koriya da ake kira Knee. Sai a 2019 wani saurayi daga birnin Lahore na Pakistan, Arslan Ash, ya ci gasar EVO ta Japan bayan wahalar biza da ta tafiya, sannan a watan Agusta ya buge Knee a wasan ƙarshe a Las Vegas ta Amurka. Daga nan duniya ta gane cewa shagunan wasa na Lahore cike suke da gwanaye waɗanda babu sunansu a ko'ina. Mai karatu ya dubi yaron Kontagora da wannan ido. Hoton waɗannan wasanni yana sauyawa sau 60 a cikin daƙiƙa guda, saboda haka ɗan jinkiri kaɗan na intanet ya isa ya sa naushi ya riga garkuwa. Ga ɗaukewar wutar lantarki ana tsakiyar karawa, ga tsadar data. Makin da ya rasa a irin wannan hali, na hannunsa ne ko na janareta? Lambarsa ta auna basirarsa, ta kuma haɗa da aljihun mahaifinsa da nisan garinsu.

Abu na uku shi ne mafi nauyi, domin ya shafi hali. Da zarar lamba ta zama abin nema, sai ta fara koya wa mutum tsoro. Wanda ya hau sama yakan guji karawa don kada makinsa ya zube. Wani gwanin kuma yakan buɗe sabon suna ya sauka cikin 'yan koyo yana ta kirɓarsu don jin daɗin nasara. Al'adar dambenmu ta ƙyamaci duka biyun. Ɗan damben da aka nema da a sa zare ya noƙe, 'yan kallo sun gama yi masa hukunci ko da bai taɓa faɗuwa ba. Wanda kuma ya tsaya turmi uku da babba aka tashi babu kisa, ya ƙara daraja duk da bai ci komai ba. Har yau ana ambaton Shago da Ɗandunawa tare, kuma abin da ya ɗaukaka kowannensu shi ne girman abokin karawarsa. Bugu da ƙari, ɗan dambe yakan ɗauki sunan ubangidansa, a ce Shagon wane ko Autan wane, ya kuma tsaya wa ɓangarensa, Kudu ko Arewa, Jamus ko Guramada. Sunansa yana tuna masa cewa wani ne ya ɗaura masa zare ya koya masa tsayuwa. Lamba kuwa takan ruɗi mai ita ya zaci shi ya yi kansa.

Ba muna cewa a watsar da jeri ba ne. Kasuwa ba ta yiwuwa babu mudu, kuma ɗalibin jami'a ya san da maki ake yaye shi. Amma mudu yawan hatsi yake faɗa, ba ya faɗin ko gumi ne ya kawo shi ko sata. Haka jerin gwanaye: yana faɗin wanda ya ci wa, a ina, kuma yaushe. Sauran tambayoyin, wato wa ya tara, wa ya guje wa, yaya ya yi ranar da ya faɗi, kuma wa ya koya wa, waɗannan sai mutane ne ke iya amsa su. Na ɗaya na bana yana iya zama na goma baɗi, tunda duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Saboda haka matashin da ke neman hawa jeri ya nema da ƙarfinsa, amma ya riƙa zaɓen abokin karawar da zai iya kayar da shi, domin a hannun irinsa ne kaɗai zai san iyakar gwanintarsa.