AMANAR SHUGABANCI DA LADABIN MAGANA A WURIN AIKI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa Musulmi, ka sani cewa Musulunci bai tsaya a ƙofar masallaci ba. Allahn da kake yi wa sujada da Asuba Shi ne yake kallonka da ƙarfe goma na safe a ofis, ko a masaƙa, ko a asibiti, ko a garejin gyaran motoci. Da yawa daga cikinmu sun gyara sallarsu, sun bar bidi'o'i, alhamdu lillahi. To amma da zarar mutum ya zauna bisa kujerar aiki sai ka rasa gane shi: ga tsawa, ga ƙarya, ga kai-komo da maganar mutane. Wannan ɗan littafi nasiha ce ga shugaba da kuma wanda ake shugabanta.

1. SHUGABANCI AMANA NE

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kamanta kowannenmu da makiyayi, kuma za a tambayi kowa game da abin da aka ba shi kiwo. Kada ka zaci gwamna da sarki kaɗai ake nufi. Darakta makiyayi ne, hedimasta makiyayi ne, heluma mai leburori goma makiyayi ne, haka ma tela mai yara uku a shago.

Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarri (R.A.) ya nemi a ba shi muƙami, sai Manzon Allah ya hana shi, ya bayyana masa cewa shi mai rauni ne, muƙami kuwa amana ne, kuma abin kunya ne da nadama ranar Alƙiyama sai ga wanda ya karɓe shi bisa cancanta ya kuma sauke haƙƙinsa. Dubi nan! Ba a yi shakkar imanin Abu Zarri ba. Watau tsoron Allah kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da iya aiki. Suratul Ƙasasi aya ta 26 ta haɗa sharuɗɗan nan biyu ga ma'aikaci na gari: ƙarfi da amana. Saboda haka wanda ya ɗauki ɗan garinsu aiki, ko ya yi wa surukinsa ƙarin girma, alhali ga wanda ya fi shi cancanta, ya ci amanar da aka damƙa masa.

2. BAYYANA UMURNI A FILI

Mafi yawan rigingimun wurin aiki daga magana suke tasowa. Shugaba ya yi magana a dunƙule yana tafe yana shiga mota, ma'aikaci ya ji kunyar tambaya ko ya ji tsoro, aiki ya lalace, gobe kuma a miƙa masa takardar tuhuma. Wa ya fi laifi a nan?

Anas (R.A.) ya ba da labari cewa Manzon Allah yakan maimaita magana sau uku domin a fahimce ta. Nana A'isha (R.A.) ta ce ba ya sakin magana a jere da gaggawa, har mai son ƙirga kalmominsa zai iya. Lokacin da ya aiki Mu'azu ɗan Jabal (R.A.) zuwa Yaman, sai da ya gaya masa irin mutanen da zai tarar, watau Ma'abota Littafi, ya kuma jera masa aikin daki-daki: farko Kalmar Shahada, in sun karɓa sai salloli biyar, in sun karɓa sai zakka. Sannan ya gargaɗe shi kada ya zaɓe mafi kyawun dukiyoyinsu, ya kuma ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ka ga an gaya wa ma'aikaci inda za shi, da abin da zai fara, da iyakar da ba zai ƙetare ba.

Haka nan a Suratul Ƙasasi aya ta 27 da 28, dattijon Madyana ya yanka wa Annabi Musa (A.S.) wa'adin aiki a fili: shekara takwas, in ya cika goma to kyautatawarsa ce. Kowa ya san abin da ke kansa tun ran farko. Yau kuwa sai maigida ya ɗauki yaro a shago da "zo mu fara, ma gani." A yi shekara bakwai babu maganar lada, babu maganar sallama, daga baya a rabu baram-baram, zumunci ya ɓaci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, umurni take yi da rubuta bashi da kafa shaidu. Wanda ya fahimci hikimarta ba zai ji nauyin rubuta sharuɗɗan aiki ba. Rubutu ba rashin yarda ba ne, tsare zumunci ne.

3. SHAWARA DA NA ƘASA

Allah (S.W.T.) Ya yabi muminai a Suratush Shura aya ta 38 da cewa al'amarinsu da shawara suke yin sa. A Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, malaman tarihi sun kawo cewa Hubabu ɗan Munzir ya ba da shawarar a matsa kusa da ruwa, aka karɓa. A shekara ta 5, Salmanu Bafarishe ya kawo dabarar haƙa ganuwa, abin da Larabawa ba su saba da shi ba, aka karɓa.

Amma babban darasi yana cikin Uhudu, shekara ta 3. Ra'ayin Manzon Allah shi ne a zauna cikin Madina, wasu sahabbai suka matsa a fita, ya bi ra'ayinsu. Ya ajiye maharba hamsin bisa tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubair, ya umurce su kada su motsa. Mafi yawansu suka sauko, aka zagayo Musulmi ta baya, kimanin mutum saba'in suka yi shahada, har da Sayyidina Hamza. To me aka ce da shi bayan wannan? Karanta aya ta 159 a Suratu Ali Imrana. Allah Ya bayyana masa cewa da shi mai kaushin hali ne mai busasshiyar zuciya, da sun watse sun bar shi. Aka umurce shi ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya kuma ci gaba da shawara da su, in ya yanke hukunci ya dogara ga Allah.

Ya kai manaja, wanda wahayi ke saukar masa an umurce shi da shawara, kai kuwa takardar digiri ɗaya ta sa kana ganin ƙasƙanci ne ka tambayi direbanka. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Direba ya fi ka sanin ciwon motar, nas ta fi ka sanin abin da ya ƙare a ɗakin magani. Kuma mitin ɗin da aka riga aka gama yanke hukuncinsa, aka tara mutane don su ce "haka ne, ranka ya daɗe," wannan ba shawara ba ce, yaudara ce.

4. KADA KA BAR MUTANE CIKIN DUHU

Bayan yaƙin Hunaini, shekara ta 8, Manzon Allah ya raba ganima, ya ba wasu sababbin shiga Musulunci raƙuma ɗari-ɗari, Ansaru ba su samu ba. Sai gunaguni ya tashi. Sa'adu ɗan Ubada (R.A.) ya je ya gaya masa gaskiyar abin da ke ran mutanensa. Manzon Allah bai kafa kwamitin neman wanda ya fara maganar ba. Ya sa aka tara su, ya tuna musu ni'imar Allah a kansu, ya ambaci irin taimakon da suka yi masa, ya bayyana musu dalilinsa, cewa yana jawo zukatan masu raunin imani ne. Ya nuna musu cewa wasu za su koma gida da tumaki da raƙuma, su kuwa da Manzon Allah za su koma. Suka yi kuka, zukata suka wanke.

Idan albashi zai makara, ka tara ma'aikata ka gaya musu dalili. Idan za a canja wa wani wurin aiki, ya ji daga bakinka kafin ya ji a bakin masinja ko a saƙon waya. Duk inda shugaba ya yi shiru, jita-jita ce ke yin magana a madadinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

5. 'YAN GANI-KASHE-NI DA MASU KAI TSEGUMI

Buhari ya ruwaito cewa kowane shugaba yana da makusanta iri biyu, masu tura shi ga alheri da masu tura shi ga sharri. A kowane ofis akwai mai shiga wurin maigida bayan an tashi, ya ce wane ya ce, wance ta ce. Huzaifa (R.A.) ya ruwaito cewa annamimi ba zai shiga Aljanna ba. An kuma siffanta mai fuska biyu da cewa yana cikin mafi sharrin mutane.

Maganin wannan yana cikin Suratul Hujurati aya ta 6: in fasiƙi ya kawo labari a bincika, domin kada a cuci mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Dubi Annabi Sulaimanu (A.S.) a Suratun Namli. Ya duba tsuntsaye bai ga Alhudahuda ba, ya yi alkawarin horo sai fa in ya zo da hujja bayyananna. Da ya zo sai ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce za a duba ko gaskiya ya faɗa. Ya lura da wanda ba ya nan, ya ba shi damar kare kansa, bai kuma gaskata ba sai da bincike. Kai ma kada ka sa hannu a takardar korar mai iyali bisa maganar mutum ɗaya.

Mu bambance nasiha da annamimanci. Wanda ya ga ana satar magani ko siminti ya kai rahoto ga mai iko da hujja, ya sauke wajibi. Wanda ya ɗauki hirar shan shayi ya kai don a ƙara masa girma, shi ne annamimi.

6. HARSHE DA HAƘƘI

Anas ya yi wa Manzon Allah hidima shekara goma, bai taɓa yi masa ko da tsaki ba. Annabi Musa da Haruna an umurce su da tattausar magana ga Fir'auna, a Suratu Ɗaha aya ta 44. Akawunka bai kai Fir'auna laifi ba, kai kuma ba ka kai Musa daraja ba. Don me za ka zagi sa'an mahaifinka a gaban jama'a don fayil ya ɓace? In ya yi kuskure kira shi gefe. Taushi kuma ba sakaci ba ne. Mai laifi a hore shi bisa ƙa'ida, ba da cin mutunci ba.

Sannan daɗin baki ba ya biyan haƙƙi. A Hadisin Ƙudusi da Buhari ya ruwaito, cikin mutum uku da Allah da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar Alƙiyama akwai wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya cika masa, shi kuwa ya hana shi ladansa. Kai da ka danne fayil ɗin fansho na tsoho ko na marayu sai an "ga" ka, da wa za ka yi shari'a?

7. GARE KA MA'AIKACI

Kai ma akwai naka. Sa hannu a rajista cewa ka zo ƙarfe takwas alhali ƙarfe goma ka zo, ƙarya ce, kuma kuɗin waɗannan sa'o'i ba halas ba ne. Fita salla wajibi ne, amma fakewa da salla a tafi kasuwa cin amana ne.

Ka yi biyayya cikin abin da bai saɓa wa Allah ba. An ruwaito daga Sayyidina Ali (R.A.) cewa wani kwamandan rundunar yaƙi ya fusata ya sa aka hura wuta ya ce mutanensa su shiga, suka ƙi. Da labari ya isa ga Manzon Allah sai ya bayyana cewa biyayya cikin abin kirki kawai take. Saboda haka in aka ce ka ƙara sifiri a rasit, "umurni aka ba ni" ba zai cece ka a kabari ba. Ka ƙi cikin ladabi.

Ka guji abin da ake kira "goro" ko "na shan ruwa." Ibnul Lutbiyya da aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi tir da haka, ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa ai da ya ga ko za a kawo masa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma a Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin miyagun al'adun da ya yi inkari.

Kuma ka kiyayi aƙidarka. Kai sunan shugabanka wurin boka ko ɗan tsibbu, da binne laya a ƙofar ofis don neman ƙarin girma, hanyar shirka ce. Zubewa ƙasa gaban maigida ma ba koyarwar Sunna ba ce. Sallama da musafaha da girmamawa sun wadatar. Arziki a hannun Allah yake, ba a aljihun darakta ba.

KAMMALAWA

Ya ɗan'uwa, kujera aro ce. Wanda ya zauna kanta kafin kai yana ina? Gobe in ka isa wurin aiki fara da abu uku: ka yi wa na ƙasa da kai sallama, ka tambayi wanda ka ba aiki ko ya fahimta, ka kuma fito da haƙƙin wani da ke kwance a teburinka. Wanda ka zalunta da harshe ka nemi gafararsa tun kuna raye.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya tsare harsunanmu, Ya ba mu shugabanni masu tausayi da mabiya masu gaskiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.