Abin da Ya Bar Hannu: Jirgin Katakon Balsa da Tambayar Alhaki

Akwai wata tsohuwar tambaya da mai sana'a da malami da mahaifi suke cin karo da ita, ko ba jima ko ba daɗe: idan abu ya bar hannunka ya kama gabansa, har yanzu alhakinsa yana wuyanka? Mutane sukan ba da amsa iri biyu. Wasu su ce da zarar ka saki abu ka fita, abin da ya biyo baya tsakaninsa ne da rabonsa. Wasu kuwa, saboda fargabar abin da zai biyo baya, sai su ƙi sakin komai. Wannan maƙala za ta ɗora amsoshin biyu a kan wani ɗan ƙaramin ma'auni, wato jirgin saman wasa na katakon balsa, irin wanda masu sha'awa a Amurka da Turai da Japan suke haɗawa a kan tebur, sannan su fita farfajiyar gida su tashe shi.

Balsa itace ne na yankunan zafi na nahiyar Amurka, kuma ƙasar Ekwado ce take samar da mafi yawan wanda ake sayarwa a duniya. A wajen masana tsirrai, dangin rimi ne da kuka. Busasshen katakonsa yakan yi kimanin kilo 160 a kowace kubik mita, kusan kashi ɗaya cikin shida na nauyin ruwa, kuma farce ma ya isa ya yi masa tabo. Duk da haka, da shi aka yi cikon jikin jirgin yaƙin Ingila mai suna Mosquito a Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanoni irin su Guillow's, wanda aka kafa a jihar Massachusetts a 1926, suna sayar da kwali ɗauke da zane, da siraran itace, da takarda shara-shara, da farfela, da zaren roba. Mai haɗawa zai shimfiɗa zanen, ya yanka itacen da reza, ya kafe shi da allurai, ya manna da gam, ya lulluɓe ƙwarangwal ɗin da takarda, ya yayyafa mata ruwa har ta ɗame kamar fatar ganga. Aikin yakan ci makonni. Ranar tashi sai ya murɗa robar, ya ɗaga hannu, ya saki. Irin wannan jirgi ba shi da igiya, ba shi da na'urar sarrafawa daga nesa. Daga wannan daƙiƙa hannun mai shi ya gama aiki.

A kallon farko, wannan yana goyon bayan amsa ta farko, domin wa zai tuhumi mutum a kan abin da ba ya iya taɓawa? Tarihin jirgin ya nuna akasin haka. A watan Agusta na 1871, wani matashin Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya tashi wani ɗan jirgi mai injin roba a lambun Tuileries da ke birnin Paris, ya yi kimanin mita 40 cikin daƙiƙa 11. Abin da ya burge masana shi ne yadda jirgin yake daidaita kansa ba tare da matuƙi ba. Pénaud ya ɗan ɗaga ƙarshen fukafukan sama, ta yadda idan jirgin ya karkata sai ya komo daidai, ya kuma kafa wutsiyar a wata kusurwa da take ɗago hanci idan ya sunkuya. Duk hukuncin da matuƙi zai yanke a sama, maƙerin ya riga ya yanke shi a ƙasa, ya dasa shi a jikin jirgin. Ashe saki bai kawar da alhaki ba. Ya mayar da shi baya ne zuwa lokacin da abin yake hannu.

Wannan ne ya sa masu wannan sha'awa suke ɓata lokaci mai tsawo wajen daidaita jirgi kafin su murɗa robarsa sosai. Za su fara da ɗora fukafukan a kan yatsu biyu don gano inda nauyi ya tattaru, wanda sau da yawa ake son ya faɗi wajen sulusin faɗin fiffike daga gaba. Sannan su tura shi a hankali a kan ciyawa. Idan ya ɗaga hanci ya rasa gudu ya faɗo, sai a ƙara ɗan yumɓu a hancin. Idan ya tsunduma ƙasa, sai a rage nauyin ko a gyara kusurwar wutsiya da ɗan guntun takarda. Farfela tana juyawa ta wani gefe, jikin jirgin yana neman karkata zuwa ɗaya gefen, don haka akan ɗan kautar da bakinta don rama wannan. Ƙa'idarsu ita ce a sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji, domin wanda ya sauya uku a lokaci guda ba zai san wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata. A nan akwai tarbiyyar gaskiya. Iska ba ta jin magiya, ba ta duba yawan daren da aka raba ana manne itace. Abin da ka yi shi take nuna maka, kuma mai hankali yakan karɓi shaidarta.

Batun yana ƙara nauyi idan aka zo ga sauya ƙira. Da wuya ka sami mai haɗa jirgi da zai tsaya a kan zanen da ya saya. Wani zai tsawaita fukafuki, wani ya ƙara kaurin roba, wani ya cire robar ya sa ɗan injin lantarki. Wannan 'yanci shi ne gishirin sana'ar, kuma ta hanyarsa ɗalibi yake zama gwani. Sai dai duk layin da ka kauce masa a zane, ka ɗauke alhakinsa daga kan mai zanen ka aza wa kanka. Ƙarin nauyi yana tilasta wa jirgi ƙarin gudu kafin ya tsaya a iska, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo yakan ninka sau huɗu. Farfajiyar gida kuwa tana da katanga, bayan katangar akwai tagar maƙwabci da yaransa. Wanda ya ƙara wa jirginsa ƙarfi fiye da faɗin filinsa ya yanke hukunci a kan gidan da ba nasa ba, tun kafin ya saki.

To, idan alhaki yana da wannan nauyi, ashe ba gara a bi amsa ta biyu ba, a rataye jirgin a silin ɗaki ya zama ado? Jirgin da aka rataye ya tsira daga karyewa, amma ya rasa dalilin ƙera shi, kuma mai shi ba zai taɓa sanin ko aikinsa ya yi kyau ba. Masu gasar jiragen roba, waɗanda suke neman Kofin Wakefield tun daga 1928, sun sami wata hanya ta uku. Babban haɗarinsu shi ne nasara: jirgi mai kyau yakan faɗa cikin ɗumammiyar iskar da take hawa sama, irin wadda ungulu take shawagi a kanta, ta ɗauke shi har ya ɓace wa gani. Sai suka ƙirƙiro dabarar ɗaura ɗan lagwani, ko ɗan agogo, wanda bayan 'yan mintoci zai saki wutsiya ta ɗage, jirgin ya sauko a hankali. Har lagwanin ma sukan sa shi cikin ɗan bututun ƙarfe don ya mutu a ciki, kada ya kunna busasshiyar ciyawar wani. Ga mutum ya saki abinsa da gaske, amma ya yi wa nasararsa iyaka saboda haƙƙin wasu.

Mai jayayya zai iya cewa har yanzu akwai saura, kuma yana da gaskiya. Mutum biyu za su yi taka-tsantsan iri ɗaya, su saki jirage iri ɗaya. Na farko ya sauka lafiya, na biyu wata iska da ba wanda ya hango ta kwashe shi ta fasa gilashin maƙwabci. Da wane adalci za a bambanta su? Wannan ita ce matsalar sa'a a cikin ɗabi'a, wadda masana falsafa Bernard Williams da Thomas Nagel suka yi muhawara a kanta a 1976. Williams ya kawo misalin direban babbar mota da ya take yaro ba da gangancinsa ba, ya nuna cewa nadamar da direban yake ji ta bambanta da jimamin ɗan kallo, kuma za mu yi shakkar mutuncinsa idan bai ji ta ba. Mafita a nan ita ce a raba laifi da alhaki. Mai jirgi na biyu ba shi da laifi, don haka bai cancanci zargi ba. Amma jirgin nasa ne, shi ya sake shi, saboda haka shi ya kamata ya yi sallama a ƙofar maƙwabci, ya ba da haƙuri, ya biya gilashi. Laifi yana bin niyya da sakaci, alhaki kuwa yana bin hannun da ya saki.

Dole a yi hattara wajen faɗaɗa wannan misali. Ɗa da ɗalibi ba katako ba ne. Suna da nasu nufin, kuma idan sun girma alhakin zaɓinsu yana kansu. Mahaifin da ya ɗauki ɗansa tamkar jirgin da zai daidaita har ƙarshen rayuwa ya koma cikin masu amsa ta biyu. Inda misalin ya fi dacewa shi ne abubuwan da ba su da nufin kansu: maganar da aka furta, wadda Bahaushe ya ce zarar bunu ce, da labarin da aka watsa a intanet, da ginin da magini ya miƙa wa masu shiga. Duk da haka, ko ga mahaifi da malami darasi ɗaya ya tsaya, wato lokacin da abu yake hannunka shi ne lokacin aikinka, kuma gajere ne.

Abin da aka saki yakan kai inda mai shi bai zata ba, ta fuskar alheri ma. A 1878 wani limamin coci a Amurka, Milton Wright, ya kawo wa 'ya'yansa wani abin wasa mai tashi da roba, wanda aka yi bisa ƙirar Pénaud. Yaran suka yi ta wasa da shi har ya karye, sai suka ƙera nasu. Pénaud ya mutu a 1880 yana da shekara 30, bai ji labarinsu ba. Ranar 17 ga Disamba, 1903, waɗannan yara, Wilbur da Orville, suka tashi jirgi mai inji ɗauke da mutum a kusa da Kitty Hawk. Mai saki ba ya zaɓen inda abinsa zai sauka. Abin da yake da iko a kai shi ne ya kyautata shi tun yana hannu, ya auna ƙarfinsa da faɗin filinsa, kuma idan an zo tambayar na wane ne, ya amsa cewa nasa ne.