Tafiyar Lura a Gulbin Kaba da Karkarar Tasawa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya shimfiɗa ƙasa, Ya sanya hanyoyi a cikinta, Ya fitar da ɗanyen itace daga busasshen rairayi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, Alƙur'ani ya yi umarni da tafiya a bayan ƙasa a wurare da dama, kuma yakan haɗa tafiyar da dubawa. A Suratul Ankabut abin dubawar shi ne yadda Allah Ya fara halitta. A Suratur Rum kuwa shi ne yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance. Waɗannan darussa biyu suna nan a shimfiɗe a karkarar Tasawa da Mayahi, a jihar Maraɗi, sai dai wanda ya ratsa ƙasar a cikin mota bisa kwaltar Maraɗi zuwa Damagaram ba zai karanta su ba. Sai an sauka an taka da ƙafa.

Kada mai tafiya ya sa ran kurmi mai duhu irin na ƙasashen kudu. Ruwan da ke sauka a nan a shekara yakan tsaya wajen milimita 400 zuwa 500, yana raguwa in an yi arewa. Dajin wannan yanki gonaki ne masu itatuwa, da burtalin dabbobi, da kwarin gulbi. Babban kwarin shi ne Gulbin Kaba, wanda ya fito daga ƙasar Katsina, ya biyo ta wajen Gazawa, ya yi arewa zuwa Mayahi, sannan ya karkata yamma. Ruwa ya daɗe da daina gudu a mafi yawan tsawonsa, amma yana nan kwance a ƙarƙashin ƙasa, kuma goruba ce shaidarsa.

Ya kamata mai tafiya ya daɗe a gindin goruba, domin akwai abin lura a tattare da ita. Dabino da giginya kan miƙe da gangar jiki guda, ita kuwa sai ta rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa. Akwai namiji, akwai mace, macen ce ke ba da 'ya'ya, kuma wannan yana daga cikin abin da Littafi ya faɗa game da halittar tsirrai jinsi biyu. Da ganyen ƙaramar, wato kaba, matan Mayahi da Kanambakashe ke saƙa tabarma da faifai da lefe, maza su tufka igiya, har tabarmar da ake salla a kanta a masallatan ƙauye. To amma a nan jarrabawar take. Kabar da ake yanka kullum ba ta samun sukunin tashi ta zama goruba, haka za ta dawwama a ƙasa tana tsiro ana yankewa. Shi ya sa za ka ratsa fili mai faɗi cike da kaba, ka ga tsofaffin goruba jefi-jefi, babu matasa a tsakani. Ban ga laifin matar da ke ciyar da 'ya'yanta da kuɗin kaba ba. Abin da nake gani wajibi a kan jama'a shi ne a riƙa ware wasu tsiron a sa musu alama, a bar su su girma. Shari'a ta san wannan tun farko: Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe kwarin Naƙi'u domin amfanin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza.

In ka hau tudu daga kwarin, sarautar ta koma hannun gawo. Yawancin itatuwa suna jiran damina su yi ganye, shi kuwa da damina yake kaɗe nasa, gero ya sha rana a ƙarƙashinsa ya yi kyau. Sai rani ya tsananta, kowa ya bushe, sannan ya yi kore, ya zubo wa awaki da shanu 'ya'yansa, dabbobin su kwanta a inuwarsa su bar taki. Wa ya tsara wannan saɓani har ya dace da bukatar manomi da makiyayi a lokaci guda? An ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo. Kusa da gawo akwai aduwa da kalgo da sabara da danya da ƙirya, da anza wadda ta raya mutane a shekarun yunwa bayan an jiƙa 'ya'yanta an zubar da ɗacin, da magariya wadda aka ambata a Alƙur'ani, wadda kuma da ganyenta ake wankan gawa.

Waɗannan itatuwa suna da tarihi, kuma ba haka suke ba kullum. A watan Janairu na 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Tasawa daga Damargu. Da ya bar Gazawa ya nufi Katsina, sai ya ratsa daji mai faɗi wanda ayari ke shiga da fargaba, ya wuce kufan Ɗankama. Yaƙin da ya biyo bayan faɗuwar Katsina a 1807 shi ya kori mutane daga wannan tsakani, itace ya cike gurbinsu. Da yaƙe-yaƙe suka lafa, manoma suka bazu, aka buɗe sababbin gonaki har arewacin Mayahi. Noman gyaɗa ya zo da gatarinsa. Dokar daji ta Faransa ta 1935 ta mai da itatuwa abin hukuma, manomi ya wayi gari yana tsoron tara a kan itacen da ke cikin gonarsa, saboda haka ya gwammace ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami. Fari na 1973 da na 1984 suka tarar da ƙasa tsirara. Dattawa suna tuna shekarun da iska ke binne shuka da rairayi, a sake shuka sau biyu ko uku a damina guda.

Sai Allah Ya kawo sauƙi ta inda ba a zata ba. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da ke warwatse a gonaki tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwoyinsu na nan da rai. Maimakon dasa sabon itace da zai mutu kafin bazara, sai manomi ya zaɓi toho mafi ƙarfi, uku ko biyar, ya sassabe sauran da wuƙa mai kaifi, ya rage rassan ƙasa, ya kare shi daga dabba. Wannan shi ake kira sassaben zamani. Ƙauyen Ɗan Saga da ke maƙwabtaka, a gundumar Agye, ya yi suna a kansa, har mutanensa suka kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa maza da mata da makiyaya. Masu bincike, cikinsu har da ɗan ƙasa Mahamane Larwanou, sun gwada hotunan sama na da da na yanzu, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Yabon duniya ya fi zuwa ga baƙon da ya lura, kuma ya cancanta, amma hannuwan da suka yi aikin na talakawan karkara ne da ba a rubuta sunayensu ba. Ya tabbata a hadisin Anas cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, an rubuta masa sadaka. Ina kyautata zaton wanda ya raya kututture ba zai rasa rabonsa a ciki ba.

Dubawa ta biyu tana gabas da Tasawa, a Maijirgi. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta taso daga bakin Kwara ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. Ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ta yi ta'asa a Birnin Ƙonni, ta shigo ƙasar Tasawa. Kanar Klobb, wanda aka turo ya karɓe ragamar rundunar, ya biyo sawunta ta cikin kufai, ya rubuta cewa ya ga gawarwakin yara mata rataye a rassan itace. Ran 14 ga Yuli suka haɗu a Ɗankori, Voulet ya sa aka harbe shi. Ba a cika kwana huɗu ba sojojin Voulet da Chanoine suka juya musu baya, suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi. Wanda ya je can ya tsaya ya tuna cewa waɗannan mutane biyu sun yi tsammanin babu mai tambayarsu, sannan ya yi addu'a ga bayin Allah da aka kashe a wannan hanya, waɗanda ba su da kabarin da aka sani. Bai kamata yaron Tasawa ya gama makaranta yana iya lissafa sarakunan Faransa, alhali bai taɓa taka Ɗankori ba.

Game da ladubban tafiyar, lokacinta shi ne bayan an kai amfanin gona gida, daga kaka zuwa ƙarshen hunturu. Da damina gonaki a rufe suke, ratsa su kuma ɓarna ce. A tashi bayan sallar asuba, a riƙi sanda da ruwa isasshe, a sa takalmi mai rufi saboda ƙarangiya da ƙayar aduwa da kububuwa. Kada mutum ya tafi shi kaɗai. Duk ƙauyen da aka isa a fara da ƙofar mai gari, a yi sallama, a faɗi abin da ya kawo mutum, a tambayi halin hanya, domin mutanen wuri su suka san inda ake bi da inda ba a bi. In an gamu da garke a burtali a ba shi hanya, a gai da mai kiwo. Kowane itace a nan yana da mai shi, saboda haka ba a karya reshe, ba a kaɗa 'ya'ya sai da izini, tsiron da aka ga an sassabe an gyara kuwa ba a taɓa shi. An hana biyan bukata a inuwar da mutane ke hutawa da kan hanyarsu, kawar da ƙaya daga hanya kuma reshe ne na imani. Leda ita ce sabuwar ƙayar, tana kashe akuya da saniya in sun haɗiye, wanda ya zo da ita ya koma da ita. In azahar ta riski matafiya nesa da rijiya, kuma ruwan da ke hannu na sha ne, rairayin gulbi mai tsarki ne, sai a yi taimama a yi salla, a jira rana ta yi sanyi kafin a ci gaba.