Ƙasa ce ke Fitar da Amfani, ko Mai Ƙasar?

Manoman Madarunfa, a kudancin jihar Maraɗi, sun daɗe da raba ƙasarsu gida uku: jigawa, wato rairayin da ba ya riƙe ruwa, inda gero da wake da gyaɗa ke yi, geza, mai taurin da ke wahalar da fartanya amma dawa ke so, sai fadama, lakar da ke bakin Gulbin Maraɗi da tabkin Madarunfa, wadda ke ba da tumatir da rake da zogale bayan damina ta ɗauke. Da yake gonaki biyu masu maƙwabtaka kan sha ruwan sama ɗaya daga Yuni zuwa Satumba amma su bambanta a rumbu, tambaya tana tasowa: ƙasar ce ke yin aikin, ko kuwa ba ta da tasirin komai?

Aya ta 4 ta Suratur Ra'ad ta taɓo wannan batu, domin ta ambaci yankunan ƙasa masu maƙwabtaka da gonakin inabi da dabino da ake shayarwa da ruwa guda, amma ɗanɗanonsu ya sha bamban, ta kuma ƙidaya hakan cikin alamomi ga masu hankali. Masu noman inabi a Faransa sun jingina irin wannan bambanci ga ƙasa da yanayin kowane kwari. Malaman Ash'ariyya kuwa, waɗanda tauhidinsu ya fi yaɗuwa a makarantun zaure na ƙasar Hausa ta hanyar littafin Ummul Barahin na Sanusi, wanda ya rasu a 1490, sun tafi a kan cewa laka ba ta tsirar da shuka da ƙarfin kanta, Allah ne ke halittar tsiron a lokacin da iri da danshi suka haɗu. Wannan haɗuwa suna kiranta hukuncin al'ada, ma'ana alaƙar da aka sani ta hanyar maimaituwa, wadda hankali bai hana ta saɓa ba. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya soki Gazali, ɗaya daga cikin malaman Ash'ariyya, a kan wannan ra'ayi, yana ganin cewa wanda ya kore sabubba ya kore ilimi gaba ɗaya.

Sukar tana da nauyi, sai dai ba ta kama Ash'ariyya yadda ake zato ba, saboda al'adar da Allah Ya gudanar tana ɗaure manomi ko da ba ta ɗaure Mahalicci ba. Wanda ya shuka shinkafa a jigawa yana jiran saɓawar al'ada bai yi tawakkali ba, sakaci ya yi, kuma ba malamin da zai ba shi uzuri. Bayan yunwar 1984, lokacin da manoman Maraɗi suka koma barin tsiron gawo da kalgo a gonakinsu maimakon sare su, gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, kuma ba wanda ya ga hakan ya ci karo da imani.

Inda maganar ta fi wuya shi ne sababin da hannun mutum ya ƙulla. Madatsar ruwa ta Jibiya, da aka kammala a jihar Katsina a 1989, ta rage ambaliyar da ke jiƙa fadamun Madarunfa kowace shekara. A faɗa wa mai lambun da rijiyarsa ta yi nisa cewa ƙaddara ce gaskiya ne a tauhidi, amma su Ash'ariyyan ne kuma suka kafa kasabu, wato rabon bawa a cikin aikin da ya zaɓa, wanda a kansa ake yi masa hisabi, kuma rabon ruwan gulbi tsakanin Nijar da Nijeriya yana cikin ayyukan da hukumomi suka zaɓa.