Nasiha Ga 'Yan'uwa Bisa Ciwon Da Likita Ya Duba Bai Gani Ba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya haɗa ruhi da jiki, ya sanya ɗayansu ba ya wahala face ɗayan ya ji. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu, likitan zukata, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana cikin ɗariƙa, tambaya ta yawaita gare ni bisa mutumin da ke kukan zafin kai, ko faɗuwar gaba, ko nauyin ƙirji, ko wani abu mai yawo cikin jiki kamar tururuwa, ya tafi asibiti, a auna jininsa, a ɗauki hoton ƙirjinsa, a ce masa ba a ga kome ba. Sai danginsa su kasu uku: wasu su ce raki ne, wasu su ce raunin imani ne, wasu su ce sammu aka yi masa. Na so in bayyana muku abin da Allah ya sanar da ni cikin wannan, domin kowane ɗaya daga zantukan nan uku yana iya zama zalunci.

Fasali na farko, cikin tabbatar da cewa ciwon gaskiya ne.

Ka sani, ya kai muridi, zuciya sarki ce, gaɓoɓi talakawanta, kuma ba a yin yaƙi a fada talakawa su kwana lafiya. Dubi Annabi Yaƙuba, amincin Allah ya tabbata gare shi. Suratu Yusufa ta ba mu labarin idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, yana haɗiye abin cikin ransa, kuma ganinsa ya komo ranar da aka jefa masa rigar Yusufa a fuska. Wane ne zai buɗe baki ya ce wa Annabin Allah mai raki, ko mai raunin imani? Kuma ya inganta cewa Uwar Muminai A'isha, Allah ya yarda da ita, takan sa a dama talbina, wato kunun garin sha'ir, ga majinyaci da wanda aka yi wa rasuwa, domin Manzo ya sifanta ta da sanyaya zuciyar marar lafiya. Ka ga an yi wa baƙin ciki magani ta hanyar ciki, saboda ƙofofin biyu a buɗe suke ga juna.

Magabata ba su jahilci wannan ba. Abu Zaidi al-Balhi, wanda ya rasu shekara ta 322 bayan Hijira, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfusi, ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, da yadda cutar rai kan gangaro ga jiki. Ibnu Sina, wanda ya rasu 428, ya ambata cikin Alƙanunu cewa likita kan riƙe jijiyar hannun wanda bege ya kayar, ana ambaton sunaye, in aka zo kan sunan wanda yake so sai bugun jijiyar ya sāke.

Likitocin zamaninmu kuwa sun gano hanyar da abin ke bi. Bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka, idan tsoro ya zo sai ta zuba wasu sinadarai cikin jini, adirinalin da kotizol, sai zuciya ta yi sauri, numfashi ya gajarce, jijiyoyin wuya su ɗaure, ciki ya rage aikin narkar da abinci. Allah ya halicci wannan domin sa'ar haɗari, kamar wanda ya yi karo da maciji a gona. Amma idan damuwa ta zauna wata da watanni, jiki ya zama kamar mai gadin da ba a karɓe shi ba, dole ya gaji ya yi kuka. Har a shekarar 1990 ta Miladiyya likitoci a ƙasar Japan suka bayyana wata cuta da ke raunana tsokar zuciya bayan mummunan labari, alhali hanyoyin jininta ba su toshe ba, kuma mafi yawan masu ita tsofaffin mata ne.

Fasali na biyu, cikin haɗarin mugun zato.

In ka ce: ashe kana musun sihiri da aljannu? Sai in ce: ba na musun abin da Littafi ya tabbatar. Abin da na hana shi ne ka ɗora wa Musulmi laifi ba da shaida ba. Rashin ganin likita ba ya zama hujja a kan kishiya, ko uwar miji, ko maƙwabci.

An taɓa kawo mini wata baiwar Allah, ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta, kanta kamar an hura wuta, asibiti sun duba ba su sami dalili ba. Danginta sun riga sun yanke gaisuwa da kishiyarta, sun sayar da tumaki biyu sun kai wa boka. Na sa uwargidana ta zauna da ita kwana uku, tana tambayarta a hankali. Ashe ɗanta na fari ya tafi neman kuɗi shekara biyu babu labari, kuma kunyar ɗan fari ta hana ta ko ambaton sunansa, in ta yi hawaye a ce mata ta yi haƙuri. Da ta sami inda za ta yi kuka, aka kuma tashi mutum neman labarin yaron, sai sauƙi ya fara shigowa sannu-sannu. To, wa zai biya kishiyar nan mutuncinta ranar hisabi?

Ka lura, haƙuri shi ne barin fushi da hukuncin Ubangiji. Ɗaure harshe har jiki ya karye ba ya cikin sharuɗɗansa. Manzon Allah ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahimu, kuma shi ne shugaban masu haƙuri.

Fasali na uku, cikin abin da ya kamaci wanda aka jarraba da wannan.

Na ɗaya, ka fara da likita, domin jiki amana ne, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu 1837, bai ga wallafa littattafan magani ya rage masa tawakkali ba. In alama ta sāke, kamar rama, ko zubar jini, ko zazzaɓi, ko kumburi, ka koma da sauri, domin abin da ya ɓuya jiya yana iya bayyana yau.

Na biyu, ka yi wa kanka hisabi bayan wuridin asuba. Ka tambayi ranka: yaushe ciwon nan ya fara, kuma me ya auku cikin watan nan? Rasuwa ce, ko bashi, ko saki, ko hassada da ka ɓoye, ko haƙƙin wani da ke wuyanka?

Na uku, abin da ka samu ka kai kukansa ga Allah, sa'an nan ka faɗa wa amini mai riƙon asiri, ko muƙaddaminka. In abin ya yi nauyi, akwai likitocin ƙwaƙwalwa da damuwa, kamar na asibitin Kware a Sakkwato da na Barnawa a Kaduna, kuma zuwa gare su ba shaidar hauka ba ce. Amma wanda zuciyarsa ta fara raya masa halaka kansa, kada a kwana ba a kai shi ba.

Na huɗu, in haƙƙi ne ka mayar, in gaba ce ka je ka yi sallama, domin istigfari dubu ba ya sauke kuɗin maraya daga wuyanka.

Na biyar, ka lizimci wuridinka gwargwadon yadda aka yi maka izni, kada ka ƙara wa kanka halwa da tsayuwar dare alhali jikinka na neman barci. Ka ci, ka yi tafiya da ƙafa, ka halarci wazifa cikin jama'a, domin kaɗaici shi ne gonar waswasi.

Ku kuwa masu jinya, kada ɗayanku ya ce wa majinyaci ba abin da ke damunka. Ku ce masa: mun yarda kana jin ciwo, faɗa mana abin da ke ranka. Sa'an nan ku yi shiru ku saurara, ko da zai kai ku dare, domin wannan ma gaida marar lafiya ne, da ladansa.

Allah ka warkar da zukatanmu da jikunanmu, ka tsare harsunanmu daga mutuncin bayinka, don alfarmar Annabin rahama. Allah ne mafi sani.